Ƙasa, Zane da Waƙa: Bikin Adabi a Mizanin Karkarar Gwarzo da Kabo

  

Mas'alar da na ɗauko in gabatar a gabanku ita ce ta bukukuwan adabi da suka yawaita a ƙasarmu cikin 'yan shekarun nan, musamman irin waɗanda ke ɗauko ƙasa da yanayinta, da zane, da waƙa, su tara su a inuwa guda. Tun daga shekarar 2013, sa'ad da Lola Shoneyin ta assasa bikin Ake a Abekuta, abin ya yi ta haihuwa: a 2017 aka fara bikin littattafai da fasaha na Kaduna, wanda aka fi sani da KABAFEST, sa'an nan a 2021 Sada Malumfashi da abokan aikinsa suka kafa HIBAF, wanda shi kam da Hausa da marubutanta ya ɗaura niyya tun ranar farko. Waɗannan duka ayyukan alheri ne, kuma babu wanda zai ga matasa sun cika ɗaki domin sauraron baiti, a zamanin da ake ta kukan karatu ya mutu, face ya yi hamdala. Sai dai da yake ladabin ilimi bai yarje mana mu tsaya ga yabo kaɗai ba, ya wajaba mu tambayi kanmu: in an ce za a yi taro a kan ƙasa da waƙa, a kan wace ƙasa za a tsaya, kuma bakin wa za a saurara?

Ra'ayin da nake son in kafa wa hujja shi ne, irin wannan biki ba ya cika sai ya fita daga ɗakin taro na birni ya tafi inda ake noma ƙasar, domin kuwa Bahaushe bai gāji waƙe ƙasa daga nesa ba, a matsayin ɗan kallo mai sha'awar kyan wuri. In ya waƙe ta, to ko dai yana cikin aikinta ne da gumi a goshinsa, ko yana tuna waɗanda suka zauna a kanta suka shuɗe, ko kuwa yana neman ayar Mahalicci a cikinta. Na zaɓi ƙasar Gwarzo da Kabo ta zama mizanin wannan da'awa saboda abubuwan nan duka suna nan a shimfiɗe a cikinta, kuma saboda kusancinta da mu ya isa ya kunyata uzurinmu. Sabon matsugunin Jami'ar Bayero, inda ake nazarin waƙar Hausa tun daga digirin farko har zuwa na ƙoli, a kan titin Gwarzo yake. Wanda ya fito daga ƙofar jami'ar ya karya yamma, ya wuce Janguza da Rimin Gado, zai shiga ƙasar Kabo, kuma kafin ya cika tafiyar kilomita 70 ko makamancin haka daga birni ya sauka Gwarzo, a kan hanyar da ta miƙe zuwa Dayi ta ƙasar Katsina. Mafi yawanmu dai gabas muke karyawa.

Abin da muka gada daga zaure

Duk almajirin da ya yi nisa a karatun zaure har ya kai ga littafin Shu'ara ya san cewa ƙasidar Larabawan jahiliyya ba ta cika farawa da abin da aka yi ta dominsa ba. Sai mawaƙi ya fara tsayar da abokan tafiyarsa a kan kufan masoya, ya ambaci wuraren da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi gurbin murhu da sawun tanti da iska ta kusa shafewa, sa'an nan ya shiga maganar raƙumarsa da hamadar da ta ƙetare. Haka Imru'ul Ƙaisi ya yi, haka Zuhairu da Labidu. Su kuwa waɗannan mawaƙa a kasuwa suke baje hajarsu, a Ukaza kusa da Ɗa'ifa, inda ƙabilu ke taruwa domin ciniki da sulhu, inda aka ruwaito cewa ana kafa wa Nabigatuz Zubyani rumfa ya zauna yana hukunci tsakanin masu baiti. Ashe ke nan bikin adabi mafi daɗewa da malamanmu suka sani a fili aka yi shi, a tsakanin raƙuma da fatake, kuma abin da aka fi buɗe baki da shi a can shi ne wuri da sunansa.

Wannan salo bai tsaya a Hijaz ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin ƙasidun da ya tara a Tazyinul Waraƙati, ya bi sawun magabata wajen ambaton wuraren da jama'a ta sauka da waɗanda ta yi yaƙi a cikinsu, kamar Tabkin Kwatto na shekarar 1804. Wazirin Sakkwato Junaidu kuma, a ƙarnin da ya biyo, ya tsaya a kufan Ɗegel ya yi wa mazaunanta na dā begen da ya shahara a tsakanin masu karatun Larabci. A ɓangaren Hausa kuwa, Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga da sharhi a 1964 da 1965, ta ɗauko tarihin Kano ne daga saran daji da kafa gona, kafin ta jero sarakuna, ta kuma ƙare da wa'azin ƙarewar duniya. Wanda ya lura zai ga cewa a duk waɗannan ba a siffanta ƙasa domin kyanta. Ana siffanta ta domin i'itibari, wato mai hankali ya dubi ganuwar da ta zube ya san cewa nasa ginin ma yana kan hanya.

Akwai kuma wani reshe da masu nazari na yau suka yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ya fi kowane kusa da manomi, wato waƙoƙin taurari. Malaman hisabi sun kasa shekara gida 28, kowane tauraro da kwana 13, in ban da Jabha da ake ƙara wa kwana guda domin lissafi ya cika 365, suka raba su bakwai-bakwai a kan bazara da damina da kaka da ɗari, sa'an nan suka ƙulla su cikin baitoci domin sauƙin hadda. Manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba yakan je wurin limamin ƙauye ya tambaya ko Surayya ta shiga, ko kwana nawa ya rage wa Dabaran, kafin ya yanke shawarar ko ya yi binne ko ya jira ruwa ya sauka sosai. A nan waƙa ta zama kayan aiki, tana rataye kusa da fartanya. Ko Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali, wadda ita ce aka fi kawowa misali in ana maganar siffanta yanayi a rubutacciyar waƙar zamani, ƙarfinta yana ga yadda ta dubi ruwan sama ta idon mutanen da ƙuncin rani ya gallaba, suke jiran rahama.

Abin da muka gada daga gona

Rafi na biyu daga gona ya ɓuɓɓugo, kuma shi ba ya buƙatar tawada. A ƙauyukan Kano, in mai gona ya ga aiki ya fi ƙarfin gidansa, sai ya kira gayya; samari su jeru a bakin kunya kowa da garmarsa, makaɗin gangar noma ya biyo su a baya yana kiran kowane da kirarinsa da na ubansa, yana ambaton gonar da ya taɓa gamawa kafin azahar da damin da ya ɗaure bara, yana zuga wannan, yana yi wa wancan habaici, har sai raggo ya ji kunya ya ƙara wuta. Duk kalmar da ke bakin makaɗin nan ta ƙasar ce: ya san jigawa, ya san fadama, ya san fako inda ruwa ba ya shiga, ya san bambancin noman firi da maimai da huɗa, ya san gonar da ƙuduji ya cinye da wadda aka bari ta zama saura. Manomin da ya kai ga dami dubu a shekara guda kuwa, al'ada ta tanadar masa biki da sarautar noma, da makaɗan da za su riƙa tashinsa da take.

In kaka ta yi, aka kai amfani rumbu, aljihu ya yi nauyi, sai samari da 'yan mata su shirya kalankuwa, su naɗa wa junansu sarautu na wasa, da sarki da alƙali da 'yan doka, su gayyato takwarorinsu na ƙauyukan kewaye, a kwana ana kiɗa da waƙa da kwaikwayo, ga 'yan dambe da 'yan kokawa a gefe. Ina roƙon malamai su dubi wannan da idon basira: taro ne na shekara-shekara, mai lokaci sananne, mai shugabanni da baƙi da masu masauki, wanda ya haɗa waƙa da wasan kwaikwayo da ado, kuma dalilin yinsa gaba ɗaya shi ne abin da ƙasa ta bayar. In wannan bai cancanci sunan bikin ƙasa da fasaha da waƙa ba, to ban ga abin da ya rage masa ba sai takardar gayyata da lasifika.

Ƙasar da ake magana a kanta

Wanda ya tsaya a kan wani tudu a ƙasar Kabo da rani, bayan an kwashe kara, abin da zai fara gani shi ne gonaki sun miƙe iyakar ganinsa, da itatuwa tsaye a cikinsu ɗai-ɗai, kowace da tazara tsakaninta da 'yar'uwarta: ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, ga kanya da kaɗanya, ga gawo, can kusa da gari kuma ga rimi ya yi wa kowa tsawo. Baƙo zai zaci ragowar daji ne. Alhali kuwa babu itaciya guda a cikinsu da ta tsaya a wurin bisa kuskure, domin kowace wani ne ya ga tsironta yana noma ya kauce mata da fartanya, ɗansa ya yi mata sassabe, jikansa ya ci 'ya'yanta, kuma in aka zo rabon gado ana ambatonta da sunanta. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin yadda karkararta take a raye da noma da itatuwa, masana irin su Michael Mortimore kuma sun shafe shekaru tun daga wajen 1960 suna nazarin yadda manoman Kano suke noma gona guda kowace shekara ba tare da ta mutu ba, saboda taki da dabbobi da waɗannan itatuwa. Gawo kaɗai ya isa a yi masa ƙasida: yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da shuka ke buƙatar rana, ya kuma yi kore shar da rani, sa'ad da yawancin itatuwa suka bushe, sai shanu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna bar wa mai gona taki. Wannan shimfiɗa da muke gani, in an yi adalci, aikin hannu ce, kuma masu ita suna nan da ransu.

Ƙarƙashin gonakin kuma akwai tarihi. Alƙali Muhammadu Zangi, a littafinsa Taƙyidul Akhbari da ya rubuta a kan jihadi a ƙasar Kano, ya nuna cewa a yammacin birni jama'ar Shehu suka yi hijirarsu, a Kwazazzabon 'Yar Kwando, a zamanin Sarkin Kano Alwali, kuma garuruwan da labarin farkon yaƙin ya ratsa ta cikinsu sun haɗa da Gammo da Kabo da Masanawa da Godiya, kafin a kai ga Karaye. Waɗannan sunaye, in ban da Karaye, har gobe sunayen garuruwa ne a ƙaramar hukumar Kabo, ana hawa mota a sauka a cikinsu. Yaron makarantar da ya haddace shekarar 1804 domin jarrabawa, ya kuwa san cewa hanyar da yake bi zuwa kasuwa tana cikin littafin? Mu da muka koyi tsayawa a kan kufan Larabawa a cikin Shu'ara, har muka san sunayen tuddan Najadu, ga namu kufan a bayan gida, kuma mai son ya ga yadda wuri ke zama baiti ba shi da makarantar da ta fi ya tsaya a bakin tsohuwar ganuwa tare da dattijon da ya san ƙofofinta.

Ba zan ɓoye wani ɓangare na tarihin nan ba don gudun tsegumi. A ƙauyukan yammacin Kano ne Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawa a 1938 da 1939, ya fitar da littafinsa a 1946, kuma abin da ya rubuta ya nuna yadda tsamiya da kuka da duwatsu da rijiyoyi suke da matsayi a tsohon addini. Musulunci ya kawar da bautar, alhamdu lillahi, amma sanin abin da mutanen dā suka ɗauki wuri ilimi ne, kuma malamanmu ba su ƙi karanta waƙar jahiliyya ba don masu ita sun yi shirka. Sun karanta ta domin lugga da balaga. Ƙasar da ta fitar da masani irin Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda ya yi digirinsa na uku a Landan a 1972 a kan rayuwar Shehu Magili da koyarwarsa, ba za ta rasa masu iya rarrabe nazari da aƙida ba.

Sai kuma sabon abu, wanda ya sāke fuskar yankin cikin rayuwar mutum guda, wato madatsun ruwa. Tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki manufar tare ruwan damina domin noman rani da sha. Aka gama Tiga a 1974, ana tsakiyar raɗaɗin farin da ya auka wa ƙasashen Sahel, aka bi da wasu a nan yamma, irin su Watari ta Ɓagwai, da Guzuguzu da Magaga da Pada da Kusalla, har zuwa babbar madatsar kogin Challawa ta ƙasar Karaye da aka kammala a 1992. Mutanen da kakanninsu ba su san ruwa ba sai na rijiya da ƙorama da kududdufi, suka wayi gari da tafki a bayan gari, da kwalekwale da masunta, da tumatir da albasa a watan da dā ba a cika ganin kore ba sai a kan irin su gawo. Matasan da suka saba tafiya cin rani suka sami abin da zai zaunar da wasunsu. Amma ruwan nan a kan gonakin wasu ya kwanta, da kufansu da maƙabartunsu, kuma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da manoma da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Abin da ya fi yawa a kunnuwanmu game da madatsu shi ne yabon wanda ya gina. Ni kuwa ina ganin baitin da ya fi cancanta a nema shi ne na tsohon da zai nuna maka tsakiyar ruwa da sandarsa ya ce a can aka haife shi. Mutanen da suka raɗa wa yunwa suna, suka ce Kakalaba ta 1914, suka ce 'Yar Buhu ta 1927, suka ce 'Yar Gusau ta 1942, ba za a ce ba su da abin faɗa a kan ruwan da ya ci garinsu ba.

Daga ɗorawa zuwa waƙar daɓe

Game da zane da sauran aikin hannu, ba na son in yi dogon jeri. Misali guda zan bi daga tushe har ƙarshe, domin shi kaɗai ya isa ya nuna cewa abubuwa ukun da take-taken bukukuwanmu ke haɗawa da harafin "da" a ƙauye ba su taɓa rabuwa ba.

In ɗorawa ta nuna, sai a sa ƙugiya a kaɗo ta, a ɓare. Garin nan rawaya yara su sha, ƙwayar, wato kalwa, mata su dafa ta su yi daddawa, ɓawon kuma, wanda baƙo zai zaci shara ne, a tara shi a jiƙa, ruwansa ya yi ja ya yi kauri, shi ne makuba. Da makuba magini ke shafe katanga domin ta jure ruwa, a kan irin wannan katanga kuma ake fitar da dagi da sauran zanen ƙofar zaure. Da ita kuma ake daɓe. Ranar daɓen ɗakin amarya, sai matan unguwa su taru, a zuba tsakuwa a baje, a yayyafa ruwa, kowace ta durƙusa da madaɓinta, su riƙa dukan ƙasa a tare, hannu na tashi hannu na sauka. Wata mai zaƙin murya ta riƙa bayarwa saura suna amsawa, kuma bugun madaɓin shi ne kiɗan, shi ne ma'aunin da ke yanka baiti, ta yadda wadda ta saɓa wa amshi ta saɓa wa aiki. A cikin waƙar ake yi wa amarya nasiha, a yi wa kishiya zambo, a yi wa uwar miji habaicin da ba a isa a faɗa mata a zaune ba. In an gama a bi da ruwan makuba, daɓe ya yi santsi ya yi ƙyalli. To, a faɗa mini inda ƙasa ta ƙare a nan, da inda fasaha ta fara, da inda waƙa ta shigo.

Yanzu siminti ya shiga ƙauye, kuma ba mai hankalin da zai ce wa talaka ya koma daɓe domin mu sami abin nazari. Injin niƙa ya ɗauke wa mata wahalar dutse, ya tafi da waƙar niƙa tare da ita. Ɗorawar kanta tana faɗuwa a hannun masu itace da gawayi fiye da yadda ake barin sabuwa ta tashi. Abin lura shi ne, waƙar ba ta mutu don mutane sun daina son waƙa ba. Aikin da ke ɗauke da ita ne ya kau. Irin wannan silsila ce ke bayan alƙalamin gamba da tawadar ƙaro da malamin zayyana ke aiki da su, da ƙwaryar da ake yi wa zane da wuƙa mai zafi, da duman da ake ɗaura wa fata ya zama gurmi. Masu nazarin muhalli suna ƙirga itatuwan da suka ɓace, mu masu nazarin adabi muna ƙirga waƙoƙin da suka ɓace, kowa a sashensa, ba mu cika zama mu gane cewa asara guda muke ƙirgawa ba.

Yadda bikin zai kasance, da abin da za a ce a kansa

Fitar da bikin adabi daga babban birni ba bidi'a ba ce a duniya. A yankin Wales na Birtaniya, babban bikin waƙa da kiɗa na harshensu, Eisteddfod, wanda ake yi a matsayin na ƙasa tun 1861, kowace shekara gari yake sakewa, kuma a fili ake kafa rumfunansa. Bikin Hay, da aka fara a 1988, a wani ɗan ƙaramin gari yake wanda bai kai Gwarzo yawan jama'a ba. Amma ba kwaikwayonsu nake kira a yi ba, tun da na riga na nuna cewa muna da namu asali. Abin da nake gani shi ne a ɗora sabon a kan tsohon: a sa lokacinsa bayan kaka, sa'ad da manomi ya sami sararin zama kuma hanya ta bushe, a jingina shi da ranar kasuwa, a yi zaman safe a bakin tsohuwar ganuwa tare da masu tarihin gari, zaman yamma a bakin madatsa tare da masunta da masu lambu, a zaunar da mai rubutacciyar waƙa da makaɗin noma da malamin hisabi a tabarma guda, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya sani. Mata kuwa, waɗanda rabin wannan taska ke hannunsu, a yi musu nasu zama a cikin gida, mata 'yan'uwansu masu nazari su je su same su, domin tsohuwar da ta san waƙar daɓe ba za ta hau dandamali gaban maza ba, kuma ba daidai ba ne a nemi ta hau.

Za a ce kiɗa da cakuɗuwa suna jawo abin da shari'a ba ta yarda da shi ba, kuma wannan magana ce da ba za a yi watsi da ita ba, domin kalankuwa kanta malamai sun daɗe suna sukar abin da ke biyo bayanta da dare. Jawabi shi ne a shigo da limamai da hakimai da dagatai tun wurin shawara, a yi komai da rana tsaka, a tsare haddi. Za a kuma ce kuɗi. Wannan kam gaskiya ne, sai dai rumfar zana a Kabo ba ta kai kuɗin ɗakin otal na kwana guda a birni ba.

Abin da ni ya fi damuna ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Ina tsoron mu 'yan boko mu cika motoci mu sauka a ƙauye da na'urorin ɗaukar hoto, mu mayar da mutane abin kallo, mu kwashe muryoyinsu mu dawo mu rubuta maƙalu mu sami ƙarin girma, su kuwa ko kwafi guda ba su gani ba. Makaɗi sana'a yake yi, kuma al'ada ta san hakkinsa, saboda haka a biya shi kamar yadda ake biyan baƙon da aka ɗauko daga Legas. A rubuta sunan kowace mai waƙa a kan waƙarta in ta yarda, in ba ta yarda ba a sakaya. Abin da aka naɗa kuma a ajiye kwafinsa a makarantun yankin, inda jikokin masu shi za su iya ji. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fara aiki tun 1969, tana da gogewar tattara irin wannan, kuma ita ta fi dacewa ta tsara ƙa'idojinsa.

Sa'an nan a kula da hanyar gayyata. Da yawa daga masu waƙa a karkara da ajami suke rubutu, wasu kuma ba sa rubutu sam, kuma sanarwar da aka liƙa a Facebook da boko ba za ta taɓa isa gare su ba. A shekarun 1970, ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu sun tara mawaƙa daga garuruwa daban-daban, kuma rediyo na cikin manyan hanyoyin da waƙoƙin irin waɗannan ƙungiyoyi suka bi suka shiga ƙauyuka. Har yau rediyon tana rataye a wuyan mai kiwo da reshen itacen mai lambu. A ba da sanarwa ta nan, a aika wa dagatai takarda da boko da ajami, a kuma sa sanƙira ya yi shela a kasuwannin Gwarzo da Getso da Kabo da Garo makonni kafin ranar, ya faɗa a fili cewa ana neman mai waƙar noma, da mai waƙar taurari, da wanda ya san sunayen unguwannin da ruwa ya rufe.